Yadda Ake Riƙe Danshi a Busasshiyar Fata Idan Shekaru Sun Ja

Mai ba ya shayar da fata. A nan ne yawancin masu fama da bushewar jiki suke asarar kuɗinsu da lokacinsu. Za a lafta man kaɗanya a ƙwauri da safe, fata ta ɗauki sheƙi, amma kafin rana ta raba ta koma fari fat, tana tashin gari kamar an barbaɗa mata toka. Man bai yi laifin komai ba. An shafa shi ne a kan fatar da ba ruwa a cikinta, ya zama murfi a kan tukunyar da ba kome a ciki. Danshi mai ɗorewa yana bukatar abu uku a jere: ruwa ya shiga, wani abu ya riƙe shi, sannan wani ya tare masa hanyar fita. Duk sinadarin da za a ambata a nan, ɗaya daga cikin ayyukan nan yake yi, kuma wanda ya san aikin kowanne ba zai ruɗe a gaban kwalabe ba.

Abin da ke canjawa a fata

Ɓangaren fata na can sama, wanda hannu ke taɓawa, siririyar shimfiɗa ce ta matattun ƙwayoyin halitta, hawa 15 zuwa 20, a jere kamar bulo. Tsakaninsu akwai wani kitse mai aikin siminti. Kusan rabinsa wani nau'i ne da ake kira seramaid, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol ne, ragowar kuma wasu sinadaran mai ne. A cikin bulon kansa akwai abubuwan da jiki ke haɗawa don su kama ruwa, irin su yuriya da sinadarin laktik. Idan ruwan da ke cikin wannan shimfiɗa ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai ta yi gautsi, ta fara saɓa da tsattsagewa.

Da shekaru suka ja, simintin nan yana raguwa. Maiƙon da fata ke fitarwa da kanta shi ma yana ja baya, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. A shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar, mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, wato zaren da ke ba fata ƙarfi da cika. Sabunta fata, wanda a ƙuruciya kan ɗauki kamar mako 4, yana ƙara jinkiri, sai matattun ƙwayoyi su daɗe a sama suna sa fata ta yi duhu-duhu da kaushi. Ƙwauri da damtse da bayan hannu su ne ke fara nunawa, domin dama can maiƙonsu bai kai na fuska ba.

Babu man danshi da zai dawo da kolajin da ya tafi, ko da an rubuta hakan a jikin kwalba da manyan baƙaƙe. Abin da shafawa ke iya yi shi ne ta cika shimfiɗar sama da ruwa, ƙananan layuka su lafa, ƙaiƙayi ya tsaya, fata ta daina tsagewa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Masu jawo ruwa

Gilisarin ne sarkinsu. Ruwa ne mai kauri, fari garau, mai ɗan zaƙi, ana samunsa daga man tsirrai. Yana kama ruwa ya riƙe a cikin fata, kuma da wuya ya tayar wa mutum da ƙaiƙayi. Kuskuren da ake yi da shi ɗaya ne: shafa shi zallansa. Zallan gilisarin yana danƙo, yana kama ƙura, a kan fata mai tsaga kuma yana raɗaɗi. Kashi 5 cikin 100 ya isa fuska, jiki na iya ɗaukar kashi 10. Hanya mafi sauƙi ita ce a jiƙa tafin hannu da ruwa sosai, a ɗiga ɗigo 2 ko 3, a mutsuka, a daddanna a fuska. Ga ƙafa guda, ɗigo 4 zuwa 5. Idan bayan minti 2 yatsa na manne wa fata, an zuba da yawa, gobe a rage.

Mai son ya haɗa na fesawa sai ya zuba rabin cokalin shayi, wato mililita 2.5, a cikin mililita 50 na ruwan da aka tafasa ya huce, a kwalba mai tsabta. A ajiye a firji, a zubar da abin da ya rage bayan kwana 3. Dalilin wannan gaggawa zai zo a gaba.

Zuma ma tana jawo ruwa, kuma tana da ɗan tsami wanda ya dace da fata. Ba ta zama a jiki duk yini saboda danƙo, don haka amfaninta a shafa a wanke ne: cokalin shayi 1 a kan jiƙaƙƙiyar fuska, minti 10 zuwa 15, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, a bi da mai nan take. Sau 2 a mako ya wadatar. Wanda jikinsa ba ya jituwa da garin fure ko kayan ƙudan zuma ya gwada a hannu tukuna.

Alobera ana yabonta fiye da ƙima. Kusan dukkan majinar cikin ganyenta ruwa ce, tana sanyaya fata, tana kwantar da zafi, amma idan aka bar ta ita kaɗai ta bushe, sai ta ɗaure fuska ta bar ta a bushe fiye da da. Tana da amfani ne a matsayin shimfiɗar farko, a ɗora mai a kanta tun ba ta bushe ba. Idan daga ganye za a ɗiba, a yanke shi a jingine tsaye na minti 10 zuwa 15, ruwan nan mai launin rawaya da ke ƙarƙashin ɓawo ya tsiyaye, domin shi ne ke sa ƙaiƙayi. Farar majinar ciki kawai ake so.

Yuriya ba a haɗa ta a gida, sai dai a sayi man da ke ɗauke da ita, amma ta cancanci ambato domin fata da kanta tana yin ta, kuma ga tsohuwar fata mai saɓa da wuya a sami kamarta. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na danshi ne. Daga kashi 20 zuwa sama aikinta ya koma narkar da kaushi, wannan na dunduniya ne da gwiwar hannu, kada ya je fuska. Tana yin zafi a kan tsaga, don haka a bari tsagar ta rufe kafin a fara.

Akwai abin lura game da duk masu jawo ruwa. A wurin da iska ke da laima, suna samun ruwa daga iska. A wurin da iska ta bushe ƙarau, ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana, ruwan da suka jawo daga cikin fata yake fitowa, kuma idan ba abin da ya rufe shi, iska ta kwashe. Shi ya sa wasu ke cewa gilisarin ya ƙara busar da su. Ba su ɗora murfi ba ne.

Mayuka: ba duka suka zama ɗaya ba

Aikin mai shi ne ya cike giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin da suka tashi, fata ta yi laushi, ya kuma rage gudun ruwa. Abin da ke bambanta wani mai da wani shi ne irin sinadarin da ya fi yawa a cikinsa. Biyu ne suka fi shafar maganarmu: linoleyik da oleyik. Na farko fata na amfani da shi wajen gina seramaid, wato yana gyara siminti. Na biyu, idan ya yi yawa, yana kutsawa tsakanin simintin ya sassauta shi.

Wannan ne ya sa man zaitun, duk da farin jininsa, ba shi ne zaɓi mai kyau ga fatar da katangarta ta riga ta yi rauni ba. Mafi yawansa oleyik ne. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield da ke Ingila, aka wallafa a 2013, manya sun riƙa shafa man zaitun a damtse na tsawon makonni, sai aka ga katangar fatar ta yi rauni, wasu har da ɗan ja. Man furen sanfulawa kuwa, wanda aka gwada tare da shi, bai taɓa katangar ba, ya ma ƙara danshi. Sai dai a kula, man sanfulawa iri biyu ne a kasuwa: akwai na asali mai yawan linoleyik, akwai wanda aka inganta irinsa don suya, mai yawan oleyik. Na farkon ake nema, kuma yawanci ana rubutawa a jikin kwalba.

Man kwakwa yana da kyau ga jiki. An gwada wanda ba a tace ba a kan masu bushewar fata a ƙasar Filifin, aka ga bai gaza man da ake samu daga fetur ba wajen ƙara danshi. Kusan rabinsa sinadarin lorik ne, mai rage wasu ƙwayoyin cuta a fata. Matsalarsa fuska ce: yana toshe ƙofofin gashi ga mutane da yawa, sai ƙananan ƙuraje su feso a goshi da haɓa bayan mako 2 ko 3. Yana daskarewa idan zafi ya yi ƙasa da digiri 24, wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Johoba, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro mai wannan suna, a zahiri kaki ne mai ruwa, ya yi kama da maiƙon da fatar mutum ke fitarwa. Ba shi da nauyi, ba ya saurin lalacewa, ga fuska kuwa yana cikin waɗanda suka fi zama lafiya. Sukwalen, wanda ake samu daga zaitun ko rake, shi ma haka yake: ba ƙamshi, ba danƙo, fata na shanye shi da wuri. Kada sunan zaitun ya ruɗi mutum a nan, an ware shi daga oleyik ɗin. Ga fuska ɗigo 3 zuwa 4 ya isa, har da wuya.

Man kaɗanya yana tsakiya ne, rabinsa mai laushi rabinsa murfi. Yana da yawan sitiyarik, wanda ke sa shi daskarewa, yana narkewa da ɗumin jiki, kuma yana ɗauke da wasu sinadarai masu kwantar da kumburi fiye da yawancin mayukan tsirrai. Wanda ba a tace ba yana da ƙamshinsa na hayaƙi-hayaƙi da launin hauren giwa ko ɗan rawaya. Wanda aka tace fari ne, ba ƙamshi, ya rasa wani ɓangare na waɗancan sinadarai amma aikin rufewa yana nan. Ga ƙwauri da hannu da dunduniya, da wuya a sami wani daga tsirrai da ya fi shi. Ga fuska a yi hankali, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, a narkar a tafin hannu tukuna.

Murfi

Kakin zuma ba a shafa shi shi kaɗai, yana da tauri, sai ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Ana saka kaɗan a cikin mai don ya sa man ya zauna a fata, kada tufa ta goge shi cikin awa guda. Lanolin, kitsen da ake samu daga ulun tumaki, murfi ne mai ƙarfi ga leɓe da faso, amma yana cikin abubuwan da ke tayar wa wasu da borin fata, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan bori ta ware shi a matsayin abin lura na shekarar 2023. Masu tsohon gyambo a ƙafa ko kircin fata sun fi kowa haɗarin wannan.

Gaskiya kuma a faɗe ta: babu wani mai daga tsiro da ya kamo basilin wajen tare ruwa. Basilin daga fetur ake tace shi, masu son kayan tsirrai zalla ba sa ƙaunarsa, amma yana rage fitar ruwa da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma da wuya ya tayar da bori. Wanda ƙafarsa ta tsage har tana jini, ya yi amfani da shi na mako 1 ko 2 har ta rufe, sannan ya koma kan man kaɗanyarsa.

Garin ots

Hatsin ots da aka niƙa lilis yana cikin kayan tsirrai ƙalilan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a matsayin kariyar fata, tun 2003. Yana da wani sinadari mai yauƙi da ke shimfiɗa a fata ya riƙe ruwa, da wasu masu kwantar da ƙaiƙayi. A niƙa wanda ba a saka wa sukari ko ɗanɗano ba har ya zama gari mai laushi. Gwajinsa: a zuba cokali guda a kofin ruwa mai ɗumi a motsa. Idan ruwan ya koma fari kamar madara, ya niƙu. Idan garin ya kwanta a ƙasa, a sake niƙawa. Kofi 1 ake zubawa a bahon wanka, a zauna minti 10 zuwa 15. Mai wanka da bokiti ya saka babban cokali 3 zuwa 4 a ruwan ɗaurayewa na ƙarshe, ya bar shi a jiki. Yana sa ƙasa santsi ƙwarai, tsoho ya sami abin dafawa.

Tsarin yini

Wanka shi ne wurin da ake cin riba ko a yi asara. Ruwa mai zafi yana narkar da kitsen fata kamar yadda yake narkar da maiƙon kwano. A yi da mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10, sau ɗaya a yini. Fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin yawan tsami, tana wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulun gargajiya kuwa, har da wanda aka yi da hannu daga mayukan tsirrai, yana kaiwa 9 zuwa 10. Bayan an wanke da shi, fata kan ɗauki awanni kafin ta dawo daidai, tsohuwar fata ta fi daɗewa. Wannan ƙarar ƙiiƙ da fata ke yi a ƙarƙashin yatsa bayan wanka, wadda wasu ke ɗauka tsabta ce, alama ce ta an kwashe kitsen. A nemi abin wanki mai laushi wanda aka rubuta pH ɗinsa ya dace da fata, a kuma taƙaita shi ga hammata da matsematsi da ƙafa. Ƙwauri da damtse ruwa kaɗai ya ishe su a yawancin ranaku. Soso mai kaushi a ajiye shi.

Da an fito, a daddanna tawul, kada a goga. A bar jiki da ɗan laima. Daga nan akwai kamar minti 3 kafin ruwan ya tafi:

1. Mai jawo ruwa: gilisarin a jiƙaƙƙen tafin hannu, ko alobera, ko man yuriya.
2. Mai, tun fata na da laima: johoba ko sukwalen a fuska, sanfulawa ko kwakwa a jiki.
3. Murfi a wuraren da suka fi bushewa: man kaɗanya ko haɗin da ke ƙasa, a ƙwauri, gwiwa, dunduniya, bayan hannu.

A shafa bin kwanciyar gashi, daga sama zuwa ƙasa. Gogawa sama da ƙasa da ƙarfi tana tura mai cikin ƙofofin gashi, sai ƙuraje masu ruwa su fito, musamman a cinya. Yawan da ake bukata ya fi abin da mutane ke zato: jikin babba gaba ɗaya yana cin giram 20 zuwa 30 a shafawa guda, wato wajen babban cokali 2. Kwalbar giram 100 da ta yi wata 3 ba ta ƙare ba, ba a shafa ta yadda ya kamata ba.

Da dare a maimaita a fuska da hannu da ƙwauri, bayan an ɗan jiƙa su. Dunduniya mai faso a jiƙa ta minti 10 a ruwan ɗumi, a shafa yuriya, a ɗora murfi mai kauri, a sa safar auduga a kwana. Hannu kuwa duk wanki sai an sake shafawa, don haka a ajiye ƙaramar kwalba kusa da wurin wanke hannu.

Da safe a gama da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, a fuska da wuya da bayan hannu. Babu man tsiron da ke yin wannan aiki, ɗan abin da kaɗanya ko kwakwa ke tarewa bai taka kara ya karya ba. Rana ce ke kan gaba wajen tsufar da fata a wuraren da ke buɗe, ko da fatar baƙa ce. Masu son man kariya na ma'adini su nemi mai sinadarin zink, sai dai yakan bar fari-fari a fata mai duhu, wanda aka saka wa launi ya fi dacewa.

Haɗin man jiki na gida

A auna da sikeli, cokali ba ya ba da daidai ga abu mai daskarewa. Don giram 100:

- man kaɗanya giram 60
- man sanfulawa ko johoba giram 32
- kakin zuma giram 7
- man bitamin E giram 1

A ɗora kwanon gilas ko na ƙarfe a kan tukunya mai ruwan zafi, kada kwanon ya hau wuta kai tsaye. A fara da kaki da man ruwan, domin kaki ya fi jinkirin narkewa. Idan ya narke sai a zuba kaɗanya, a motsa har komai ya zama ruwa garau, ba ko ɗan gudaji. A sauke, a bari ya ɗan huce, a zuba bitamin E, a juye a busasshiyar kwalba, a sa a firji nan da nan na awa 1 zuwa 2.

Sanyayawar gaggawa ita ce sirrin. Kitsen da ke cikin kaɗanya ba lokaci guda suke daskarewa ba. Idan aka bar haɗin ya huce a hankali a kan tebur, masu taurin za su riga sauran, su dunƙule, sai man ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an zuba masa yashi. Bai lalace ba, a sake narkar da shi gaba ɗaya a sanyaya da sauri. Idan ya yi tauri har yatsa ba ya shiga, a sake narkarwa a ƙara man ruwa giram 10. Idan yana narkewa a kwalba lokacin zafi, a ƙara kaki giram 2 ko 3. Kada kaki ya wuce giram 15, zai riƙa ja a fata kamar kyandir.

Haɗin zai yi wata 6 a wuri mai sanyi da duhu. Na sanfulawa ya fi saurin tsufa, na johoba ya fi daɗewa. Idan ya fara wari kamar na tsohon fenti, a zubar, domin man da ya lalace yana fusata fata. Bitamin E yana jinkirta wannan lalacewa ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

A nan ne maganar kwana 3 ta shigo. Wannan haɗi ba ruwa a cikinsa, shi ya sa yake daɗewa. Da zarar an zuba masa ruwa, ko alobera, ko ruwan fure, ko an riƙa tsoma jiƙaƙƙen yatsa, an buɗe wa ƙwayoyin cuta da fumfuna ƙofa, kuma suna yaɗuwa tun kafin ido ya gani ko hanci ya ji. Shafa irin wannan a kan fata mai tsaga neman ciwo ne. Kuma ruwa da mai ba sa haɗuwa sai da sinadarin da ke ɗaure su, duk yadda aka buga za su rabu. Shi ya sa ya fi sauƙi a bar kowanne a kwalbarsa, a haɗa su a kan fata. A riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Ruwan lemun tsami yana da tsami fiye da abin da fata ke ɗauka, kuma yana da sinadaran da idan rana ta same su a kan fata sukan ƙona ta, su bar baƙin tabo na watanni. Bekin soda kishiyarsa ce, tana rusa tsamin fata kamar sabulu. Dirzar fuska da sukari ko gishiri tana ba da santsin yini guda, ta bar ƙananan tsaga a fatar da dama ta yi siriri. Saɓar da ake son kankarewa za ta faɗi da kanta idan danshi ya samu.

Mayukan ƙamshi da ake tatsa daga fure da ganye, irin su labanda da na'ana'a da kirfa, ba sa ƙara danshi ko kaɗan, kuma ƙamshi yana sahun gaba cikin masu jawo borin fata. Kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin fata za ta karɓe shi. Wanda ya nace, kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a man jiki, wato kamar ɗigo 20 a giram 100, fuska kuma gara a bar ta haka. Mayukan sauya launin fata, musamman masu ɗauke da sitiroyid, suna sirantar da fata su busar da ita, ba man kaɗanyar da zai iya cike wannan rami muddin ana ci gaba da shafa su.

Kowane sabon abu a gwada shi a cikin gwiwar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, sau 2 a yini na kwana 7 zuwa 10. Gwajin dare ɗaya ba ya isa, domin wani borin sai bayan kwanaki yake fitowa. Kuma a riƙa shigo da abu ɗaya-ɗaya, in ba haka ba idan fata ta tashi ba za a san mai laifin ba.

Shan ruwa da yawa yana taimakon wanda jikinsa ke ƙarancin ruwa, amma ba ya gyara katangar da ke yoyo. Abin da ya fi tasiri shi ne laimar ɗakin kwana, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 idan da hali, da na'urar fesa tururi da ake wankewa a kai a kai. Tufar da ke taɓa jiki ta zama auduga mai laushi, ulu yana tayar da ƙaiƙayi. Wani abu da ba a cika faɗa ba: mai yana shiga cikin tufa da zanin gado ya taru, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma irin wannan yadi yana saurin kama wuta. Mai shafa mai da yawa ya nisanci kyandir da murhu da taba.

Laushi yakan fara bayyana cikin kwana 3 zuwa 7, amma gyaran katanga yana ɗaukar mako 3 zuwa 4. Idan an yi wata guda ana bin tsarin ba canji, ko ƙwauri ya tsattsage kamar busasshen tabki yana ja yana tsatstsafar ruwa, ko ƙaiƙayi ya game jiki yana hana barci ba tare da ƙurji ba, a ga likita. Ciwon sukari, raunin ƙoda, ciwon hanta, ƙarancin aikin tayiroid da ke wuya, da wasu magunguna irin masu sa fitsari na hawan jini da masu rage kolestarol, duk suna iya fitowa a matsayin bushewar fata. Mai ciwon sukari ya shafa mai a tafin ƙafa da dunduniya amma ya tsallake tsakanin yatsu, inda laima ke haifar da ruɓewa, ya kuma duba ƙafarsa kullum, duk tsagar da ta yi ja ko ta yi zafi ya kai ta asibiti a ranar.